Kafin Gero Ya Shiga Rumbu

Muna isa Legas ruwan nono ya daina jiƙa min riga. Tun daga Kano nake cusa tsumma a ƙirji, ina canzawa duk inda mota ta tsaya sallah. A Legas na duba na tarar da tsumman a bushe. Na ninke shi na mayar cikin jaka. Ban ji komai ba, na dai tuna cewa rabona da abinci tun Lokoja.

Aurena da Sani ya mutu yaron yana goye. Sani mutumin Rano ne, ni 'yar Kibiya. Da aka yi yaye, yayarsa, Yaya Asabe, ta zo har gidanmu ta zauna a tabarmar Inna. Ta ce ɗa nasu ne, kowa ya sani, amma ba za su yi mana ƙwace ba. Ta ji zan tafi koyon sana'a na wata uku, to in je. Yaro ya zauna wajen Inna. In na dawo kafin gero ya shiga rumbu, in ci gaba da riƙonsa har ya isa makaranta. In ban dawo ba za ta zo ta ɗauke shi, kuma ba ta son doguwar magana a ranar. A gaban Kawu aka yi, aka shafa fatiha. Lokacin ba a daɗe da shuka ba.

Ni a Kibiya da jere aka san ni. In za a kai amarya, ni ake kira in tsara mata ɗaki, in san inda gado zai kalla da inda kwanuka za su hau. Amma yanzu amare ba ɗaki kaɗai suke so ba. Suna son fili da labule da fitilu da kujerar ango da amarya, kuma daga Kano ake ɗauko masu yi, su zo da motarsu su kafa su kwashe. Hajiya Balaraba, wadda take safarar atamfa, ita ta ce wa Inna akwai makaranta a Kumasi ta ƙasar Gana inda ake koyar da wannan duka, daga tsara taro har tashinsa. Ta ce wata uku ne cif.

Daga Legas hanyar ta zama sauka da hawa. A sauke mu, mu ɗauki kaya a ka, mu tsallaka da ƙafa, a sake zuba mu a wata motar. A Kwatano na ji ana Faransanci na ɗauka faɗa ake. A Lome titi ya bi gefen teku, wata da ke kusa da ni ta taɓa ni ta ce in duba. Na duba. Ruwa ne mai yawa, yana zuwa yana komawa. Abin da na fi lura da shi wata mata ce a bakin titi da goyo, ta ɗaure zanin a ƙasa sosai, kan yaron yana lilo. Na so in ce mata ta gyara, mota ta wuce.

A Kumasi Hajiya ta kai ni wani gida mai babban sito a baya. Ta karɓi katin tafiyata ta miƙa wa mai gidan, wata doguwar mata da kowa ke kira Madam, ta ce ajiya ce don kada ya ɓace. Ta ce za ta zagayo. Ban sake ganinta ba.

Siton cike yake da ƙarafan rumfa da kujerun roba har rufi, sai yadi dami-dami, ja da baƙi. Ɗalibai mun kai goma. A cikinsu Abena ce kaɗai take jin Hausa, don a gefen Zango ta tashi, unguwar Hausawan garin. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne. Na tambaye ta ko amaren garin nan baƙin yadi suke so.

Ta yi dariya har ta dafa kujera. "Wane amare? Kai, ba a gaya maka ba? Gawa ne. Aure yana zuwa jefi-jefi, amma mutuwa kowane Asabar akwai shi."

Haka na gane cewa makoki na zo koyo. A can ba a binne mutum ranar da ya rasu. A mutuware, ɗakin sanyin ajiye gawa, ake ajiye shi, wata da watanni, sai dangi sun taru, an buga hotonsa an manna a gari, an ɗinka anko, sannan a sa rana a kira irin su Madam.

Ba zan ce ba ta koyar da mu ba. Ta koyar. Ta nuna mana yadda ake auna fili da ƙafa a san rumfa nawa zai ci. Ta ce kafin ki kafa komai ki tsaya ki ga inda rana za ta faɗi, kada ki zaunar da masu abu tana dukan idonsu da la'asar. Janareta bayan iska ake kai shi. Hanyar masu abinci daban da ta masu gaisuwa. Balan-balan ba a cika shi tam, zafi zai fasa shi a tsakiyar jawabi. Mun koyi nannaɗe yadi da fil a baki, mun koyi bindigar narka gam, wadda har yau tabonta yana yatsuna. Wata rana ta tsayar da mu a layi ta yi magana da yarensu, Abena ta juya min: mai shirya taro ba ya kuka, ba ya rawa, ba ya cin abinci a gaban mutane, in baƙi suka lura da shi to ya yi kuskure. Sauran ɗaliban wannan ne ya fi ba su wuya. Ni ban sha wahalarsa ba.

Ranar da aka fara sa ni ɗakin gawa, da sassafe ne. Wani tsoho ne, an sa masa kaya masu nauyi da zobba, an kwantar da shi a gadon ƙarfe mai ruwan zinare. Aikina in zagaye gadon da leshi in jera furannin roba. Na tsaya a bakin ƙofa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na tuna Babanmu, da ya cika da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, ƙyalle fari kawai. Abena ta turo ni ta baya a hankali.

"Shiga. Ba ya cizo. Tun kafin azumi yake jiran ɗiyarsa daga Turai, bai gaji ba, kai ne za ka gaji?"

Na shiga. Na lura leshin gefen hagu ya fi na dama sauka, na gyara. Daga ranar ko an sa ni ko ba a sa ni ba, duk ɗaya ne a wajena.

Juma'a da rana ake ba mu hutu. Nakan tafi Zango wajen Mma Hawa, wata tsohuwa mai koko da ƙosai da ta ce kakanta daga wajen Bebeji ya zo da fataken goro. Ita ba ta taɓa ganin Kano ba, amma kullum sai ta tambaye ni ko har yanzu ana rini. Takan zuba min koko ta ƙi karɓar komai, ta miƙo min wayarta in kira Inna.

Yaron ɗan fari ne, kuma sunan mahaifin Sani ya ci. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban Inna ina masa wasa ba, balle in buɗe baki in tambaye ta lafiyarsa. Ba a yi min wannan tarbiyyar ba. Saboda haka gero nake tambaya.

"Inna, ya gero?"

"Ya kai gwiwa. Ruwa dai alhamdu lillahi." Sai ta ƙara da cewa, "Wannan mijin nawa kuwa ba cefane sai ci. Jiya ya kifar min da ƙullu. Sakina zai yi in huta."

Ni kuma in ce, "Allah ya kyauta," kamar maganar ɗan maƙwabta ake. Kafin in taho na saya masa takalmi mai kuka, irin wanda in yaro ya taka yake yin fit-fit. Duk hirar da muke yi da Inna kunnena yana bayanta. In na ji fit-fit ya wuce, na samu abin da na kira nema, sauran sati kuma in yi ta nannaɗe baƙin yadi.

Gero ya ɗauki ciki. Gero ya fid da kai. Ranar da Inna ta ce an fara cin tumu, mijinta ya ci har ya yi zawo, na koma na sami Madam, Abena tana tsakani. Na ce wata uku sun cika, a gida ana nemana, a ba ni katina. Madam ta dube ni da mamaki na gaske. Ta ce ita da Hajiya shekara suka yi magana, wata uku koyo, sauran aiki a madadin koyarwa da ci da kwana. Ta ce ga ƙarshen shekara yana zuwa, lokacin da aiki ya fi yawa, wa zai sake ni yanzu? Ta tambayi me ake nemana da shi a gida. Na ce ana dai nemana. Ta ce to su ƙara haƙuri. Na kira lambar Hajiya a wayar Mma Hawa har na haddace abin da matar cikin wayar take faɗa da Turanci.

Na yi tunanin in kama hanya ba kati. Sai in tuna yawan wuraren da aka sauke mu aka duba, da yaren da ba na ji, in ga kaina a tsare a wani gari da ko sunansa Inna ba ta iya faɗa ba. Sai in koma sito.

A cikin wannan ne aka yi mana jarrabawar bikin ranar haihuwa, don shi ma yana cikin karatun. Kowa zai ƙawata bango ɗaya, ya yanka sunan wani yaro nasa da farin soson nan mai tauri da ake samu a kwalin talabijin, ya shafa gam ya barbaɗa ƙyalli. Abena ta yanka sunan ɗan yayarta. Ta juyo ta ga ban fara ba.

"Kai ba ka da yaro a gidanku? Ko na maƙwabta?"

Na ce akwai wani.

"Sunansa?"

Bakina ya ƙi. Na tsuguna na rubuta mata a ƙurar siminti da yatsa, da ɗan abin da na tsira da shi daga firamare. Ta karanta a fili, "Idris." Na ji kamar ta ɗaga min zani a kasuwa. Ta dube ni ta ce, "Naka ne?" Na share rubutun da tafin hannu, na ɗauki wuƙa.

Bangona ya yi kyau, Madam ma ta faɗa. Washegari aka wargaza komai, aka zuba haruffan a babban kwandon da ake ɗiba in za a haɗa sunan mamaci. Ran Asabar ina jera kujeru na ɗaga kai na ga harafina ɗaya a cikin sunan wata tsohuwa, a saman hotonta. Na gane shi, don akwai inda wuƙa ta zame min a cikinsa. Na gama jera layin da nake. Da aka tashi na cire shi na sa a jakata. Wannan satin ban iya jiran Juma'a ba, ran Lahadi na je wajen Mma Hawa. Na ji fit-fit. Inna ta ce an yanke gero, yana shanye a gona.

Juma'ar da ta biyo an ɗaure shi dami-dami. Ta bayanta Kawu yana gyaran rumbu. Kullum Inna takan tambaya, "Yaushe ne?" in ce mata an kusa.

Sai wata Juma'a na ce, "Inna, ya gero?"

Ta ce, "Ya shiga."

Na jira ta yi maganar mijinta. Ta ce tunkiyar Kawu ta haihu. Ta ce an yi rasuwa a Dawaki, ta faɗi sunan matar, ban san ta ba. Na manna wayar a kunne har ya yi zafi. Ina jin kaji, ina jin wata tana daka a maƙwabta. Na ce to a gaida mutan gida. Ta ce za su ji. Na miƙa wa Mma Hawa wayarta, na shanye kokon, don ta riga ta zuba.

Bayan nan na daina zuwa Zango. Aiki ya yi yawa kamar yadda Madam ta faɗa, wani satin makoki biyu, ga bukukuwan ƙarshen shekara. Hannuna ya ƙware. Har aka fara ba ni sababbin ɗalibai in nuna musu ninkin yadi. Ina ci, ina sallah, ina barci. In Abena ta yi abin dariya sai in ga kowa ya yi, ni ma in buɗe baki.

Abena ce ta je ta faɗa wa Madam cewa ina da ɗa a gida, ban sa ta ba. Ashe ta bi ta wajen Mma Hawa sun haɗa abin da kowa ya sani. Madam ta kira ni ofishinta, katina yana kan tebur. Ta yi magana mai tsawo, Abena tana juyawa. Wai duk 'yan matan nan hotunan 'ya'yansu ne a wayoyinsu, suna damunta da labarin haƙori da zazzaɓi. Ni wata nawa ban taɓa cewa ina da ko kyanwa ba. Wace irin uwa ce za a tambaye ta me ake nemanta da shi ta ce ana dai nemanta? Da na faɗa, da ta sake ni tun lokacin.

Ban sani ba ko da gaske da ta sake ni. Na yi ta juya wannan a mota, ban kai ƙarshensa ba. Ta ba ni katina, ta haɗa min da ƙaramin famfon hura balan-balan da ƙunshi ɗaya na dogayen, ta ce kyauta ce.

Mma Hawa ta sama min wuri a motar goro mai zuwa Kano, gaba kusa da matar direba. Ta ƙulla min ƙosai a leda ta ce, "In ka je ka gaishe min da Bebeji." Abena ta raka ni har mota tana tsokanata wai in na yi kuɗi in dawo in yi mata makoki mai rumfa goma. Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, an dai juya ta. Na sake ganin tekun.

Na isa Kibiya gonaki duk kara. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, ta ɗago ta ce, "Kin dawo." Na ce na dawo. Takalman suna kan tagar ɗakinta, ɗaya a kan ɗaya. Ta ga inda nake kallo ta ce, "Sun matse shi ne." Ba mu ƙara magana a kai ba.

Washegari na hau mota zuwa Rano. Yaya Asabe ta karɓe ni da mutunci, ta sa aka kawo ruwa da fura. Matan gidan suka fito gaisuwa suka ƙi komawa. Yaron yana can gindin turmi da wasu yara, ya yi tsawo, an yi masa aski, rigar jikinsa ban san ta ba.

"Ba mu yi miki ƙwace ba," in ji Yaya Asabe. "Sai da gero ya kwana biyu a rumbu na je. Innarki shaida ce."

Na ce haka ne.

Sannan ta ce, "Ni ba muguwa ba ce, Rakiya. Ga shi can. Kira shi. In ya zo wajenki, ɗauki abinki yau ɗin nan, ni zan ji da Sani."

Duk sun san sunan wa ya ci, a gidan mai sunan muke zaune. Na ajiye kofin furar. Na ce, "Idrisu."

Muryar ta fito kamar ta wata. Wata daga cikin matan ta rufe baki da mayafi, na ji ta ce wa ta kusa da ita, "Lallai Gana ta wanke mata ido." Na sake kira, da ƙarfi. Bai waiwayo ba. A Kibiya yara Idi suke ce masa, yana amsawa. A nan ba mai iya faɗin sunan, Abba suke kiransa, kuma ya saba.

Na buɗe jaka na ciro famfon da dogon balan-balan ɗaya, ja. Na hura, ban cika shi tam ba. Na murɗa kunnuwa, na murɗa wuya da ƙafafu, ya zama zomo. Ƙarar murɗawar ce ta juyo da yaran duka. Ya taho a guje, ya tsaya a gabana, idonsa a kan zomon. Yana warin man kaɗanya da rana. Akwai ɗan tabo a haɓarsa wanda ban san lokacin da ya samu ba. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya, ya je ya faɗa jikin Yaya Asabe yana nuna mata.

Ta shafa kansa. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, "Wajen balan-balan ya zo. Ke ma kin gani."

Na ce na gani.

"Ki riƙa zuwa," ta ce. "Ƙofa a buɗe take."

Yanzu ina da aiki. Daga Kibiya har Rano in ana biki ni ake kira, an daina ɗauko na Kano sai in abin ya yi girma. Ina tsayawa in ga inda rana za ta faɗi kafin in kafa komai, kuma ba a lura da ni. Harafin nan yana ƙasan akwatina, ƙyallinsa ya zube. Ran Juma'a in na sauka a Rano nakan hura ɗaya tun a zaure. Yana jin ƙarar yake fitowa da gudu, yana faɗa wa 'yan gidan cewa Anti mai balan-balan ta zo. Ina amsawa.